Daga Gulma zuwa Tsaigumi: Yadda ake sanin kuɗin jirgi tun yana kan takarda

A ranar 15 ga Fabrairun 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi a Kaduna, jirgi marar matuƙi da injiniyoyin sojin saman Najeriya suka ƙera tare da kamfanin UAVision na ƙasar Fotugal. Kafin shi an yi Gulma, wanda Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar a Disambar 2013. A ɗaya ɓangaren iyaka kuwa, Nijar ta zaɓi saye, inda ta karɓi jiragen Bayraktar TB2 daga Turkiyya a 2022.

A ƙera ne ko a saya? Amsar tana cikin lissafin da ake yi tun ba a yanka ƙarfe ko ɗaya ba.

Manomin albasa a kwarin Tarka, wajajen Madawa da Buza, ya san kuɗin iri da taki da man injin ban-ruwa domin bara ma ya noma. Mai zanen sabon jirgi ba shi da bara. Ga shi kuma yawancin kuɗin da jirgin zai ci a rayuwarsa a matakin zane ake yanke shi: girman fiffike, irin inji, alminiyom za a sa ko zaren kabon. Gyara a takarda fensir kawai yake ci, amma gyara bayan an kafa masana'anta asara ce babba.

Saboda haka injiniyoyi ke komawa ga jiragen da aka riga aka ƙera. Cibiyar RAND ta Amurka ta tattara bayanan jiragen soja ta fitar da ƙa'idojin lissafi da suka dogara musamman kan abu uku: nauyin jirgi ba kaya, iyakar gudunsa, da yawan da za a ƙera. Sai dai dabarar kan yi tuntuɓe idan jirgin bai yi kama da na baya ba, misali ƙaramin marar matuƙi wanda kyamararsa da na'urorin sadarwarsa ke iya fin gangar jikinsa tsada.

Yawan da za a ƙera shi ne babban lamari. A 1936, injiniya Theodore Wright ya nuna cewa duk lokacin da adadin jiragen da aka ƙera ya ninka, aikin da kowanne ke ci yakan ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Idan na farko ya ci awa 1,000, na biyu zai ci 800, na huɗu 640, na takwas 512. Ga kuma kuɗin bincike da gwaji, wanda sau ɗaya ake kashewa. A ce naira biliyan 10 ne: idan jirgi 10 aka yi, kowanne ya ɗauki biliyan 1, idan 100 ne, miliyan 100 kacal.

Manyan ƙasashe ma sun sha kaye a nan. Lokacin da Birtaniya da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar Concorde a 1962, ƙiyasin bai kai fam miliyan 200 ba. Daga ƙarshe ya haura fam biliyan 1, aka ƙera 20 kawai, 14 ne suka yi jigilar fasinja.

Kaduna ta taɓa bin hanya mai sauƙi. Jirgin koyon tuƙi na Air Beetle, wanda aka harhaɗa kusan 60, an ɗora shi ne kan zanen RV-6A na Amurka da aka riga aka gwada, don haka ba a fara lissafi daga sifiri ba.

Ga ƙasashenmu akwai ƙarin nauyi: injuna da na'urori daga waje ake sayo su da dala ko yuro, ƙiyasin bana na iya rushewa baɗi idan kuɗin gida ya faɗi. Don haka duk ranar da aka sake yaye ƙyalle a kan sabon jirgi, tambayoyin da suka kamata su ne: guda nawa za a ƙera, nawa kowanne zai ci, kuma wa zai biya kuɗin kayan gyara?