Masu Bin Sawun Iska: Daga Ina Ƙurar Hunturu Take Zuwa Mana?

Duk shekara da zarar watan Disamba ya kama, mutanen Tudu da Nima da Maamobi sun san abin da ke tafe. Gari ya yi fari fat, leɓe ya tsage, diddige ya yi kaushi, masu shaguna su wuni suna kakkaɓe kaya. Idan ka tambayi dattijo daga ina wannan ƙura take, sai ya nuna arewa ya ce daga Hamada. Gaskiyarsa, amma fa Hamadar Sahara ta ninka ƙasar Gana fiye da sau 30 wajen faɗi. To, daga wane lungu nata?

Masana yanayi suna da wata dabara ta amsa irin wannan tambaya, kuma ba ta da bambanci sosai da aikin mai bin sawun shanun da aka sace. Shi mai bin sawu daga garke yake farawa ya bi gaba. Su kuwa masana sukan fara daga inda iska ta iso, su bi ta da baya. A kullum tashoshin duba yanayi na duniya suna sakin balan-balan ɗauke da na'ura zuwa sama, jiragen sama da na ruwa da taurarin ɗan'adam su ma suna aiko da bayanin inda iska ta nufa da irin gudunta. Sai a ce wa kwamfuta: ga iskar da take mita 500 a saman Nima yau da azahar, ina take awa ɗaya da ta wuce? Ina take kafin nan? Haka za a yi ta komawa har kwana biyar ko fiye, sai layi ya fito a kan taswira. Shirin kwamfuta da aka fi sani da wannan aiki shi ne HYSPLIT, na hukumar NOAA ta Amurka, kuma kyauta ake amfani da shi ta intanet.

Duniya ta ga amfanin wannan dabara a shekarar 1986. Ranar 28 ga Afrilu, na'urorin tashar nukiliya ta Forsmark a ƙasar Suwidin suka nuna akwai gubar nukiliya, aka bincika aka ga ba daga tashar take ba. Da aka bi sawun iskar da ta kawo ta, sai ya nuna Tarayyar Sobiyat. A daren nan hukumomin Mosko suka amsa cewa an yi hatsari a Carnobil, kwana biyu ke nan suna shiru.

Mu dawo ga hunturunmu. Idan aka bi iskar da ke kawo mana hazo, layin yakan ratsa arewacin Nijeriya da Nijar, sau da yawa kuma ya dangana da wani kwari a arewacin Cadi mai suna Bodele, nisan fiye da kilomita 2,000 daga Ankara. Shekaru dubbai da suka wuce wurin ƙarƙashin ruwa yake, lokacin da Tafkin Cadi yake da girma kamar teku. Da ruwan ya janye, sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin alli, wadda ragowar ƙananan halittun ruwa ce. Iskar arewa maso gabas kuma takan matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi kamar an hura zugazugi, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. A 2005 wani ayarin masana, ciki har da Richard Washington na Jami'ar Oxford, ya je har can ya auna abin da idonsa. Wato allin da nake rubutu da shi a allo da ƙurar da ke kan teburin ɗalibai kusan kamarsu ɗaya, sai dai ita ta fi shi yawo.

Dabarar ba ta rasa rauni. Kuskuren layin yakan kai kashi 15 zuwa 30 cikin 100 na nisan tafiyar, balle a kan Hamada inda tashoshin awo ba su da yawa. A 2006 wani bincike ya ce kusan rabin ƙurar da ke tsallaka teku ta sauka a dajin Amazon daga Bodele take. A 2020 wani binciken ya bi sawun ya ce a'a, yawancin ta Bodele takan zube tun a hanya, ta yankin Muritaniya da Mali ce ke isa can.

Haka kuma layin yana nuna inda iska ta biyo ne kawai, abin da ta ɗauko sai an tace ƙurar an auna. A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Tsakanin 2006 da 2008 masana daga Jami'ar Harvard da Jami'ar Gana da ke Legon sun kafa na'urori a unguwannin Ankara, ciki har da Nima da Jamestown da East Legon. Sun ga ƙura tana hauhawa ko'ina a lokacin hunturu, amma ko bayan ya wuce iskar Nima da Jamestown ta fi ta East Legon datti. Hayaƙin itace da gawayi da na motoci da ƙurar hanya suna cikin manyan dalilai. A ganina wannan ya isa ya sa mu rage ɗora wa Hamada laifin kowane tari.

Ana kuma juya lissafin ya yi gaba. Idan tauraron ɗan'adam ya hango ƙura ta tashi a Bodele, kwamfuta za ta nuna inda za ta dosa, kuma tafiyarta zuwa gaɓar teku takan ɗauki 'yan kwanaki. Masu jiragen sama suna buƙatar wannan labari, domin a Fabrairun 2020 hazo ya sa an karkatar da jirage da dama daga Legas zuwa Ankara. Mai ciwon asma ma yana buƙatarsa don ya tanadi maganinsa da takunkumin hanci, haka shugaban makaranta don ya san ranar da zai rage tsayuwar yara a fili da safe. Hukumar Kula da Yanayi ta Gana takan fitar da irin wannan gargaɗi da Turanci. Saura a samu gidajen rediyon da ke shirin Hausa su riƙa karanta shi tun da asuba, kafin yara su fita.