Jimlar da ke magana a kan kanta: daga dauru zuwa lissafin Gödel

Ɗaliban tauhidi a zaurukan ƙasar Gobir, daga Tsamaye da Sabon Birni har zuwa Isa, sukan haɗu da kalmar dauru idan suka kai ga Ummul Barahina ta Imam Sanusi. Dauru shi ne samuwar abu ta rataya a kan wani abin da shi ma ya rataya a kansa, lamarin da malamai suka ce hankali ba ya karɓa. Kusa da wannan akwai matsalar mutumin da ya ce "maganar nan tawa ƙarya ce", domin idan gaskiya ya faɗa to ƙarya ce, idan kuwa ƙarya ce to ya yi gaskiya. Abhari ya tattauna ta a ƙarni na 13, Taftazani kuma, wanda ya rasu a 1390, ya kira ta jazrul asammu.

A 1931, a birnin Biyana, Kurt Gödel ya shigar da irin wannan jimla cikin lissafi ba tare da ya faɗa dauru ba, kuma nan ne gwanintarsa take. Ya ba kowace alama da kowace jimla da kowace hujja lamba tata, ta yadda magana a kan lambobi za ta zama magana a kan jimloli. Tushen aikin shi ne matsaya, wato abin da aiki ba ya sauya shi, kamar 2, wadda idan aka raba ta biyu aka ƙara 1 sai ta dawo 2. Rudolf Carnap ya fayyace a 1934 cewa duk siffar da lissafi zai iya furtawa tana da irin wannan matsaya, wato jimlar da tabbatarta daidai take da cewa lambarta tana da wannan siffa.

Siffar da Gödel ya zaɓa ita ce rashin hujja, sai jimlarsa ta zama tana cewa ba za a iya kafa mata hujja a cikin tsarin lissafin ba. Muddin tsarin bai ci karo da kansa ba, hujjar ba za ta samu ba, saboda haka abin da jimlar ta faɗa gaskiya ne. Ba ta rataya a kan kanta ba, domin ana gina ta mataki-mataki, da lambar da ake iya lissafawa. Da Alfred Tarski ya sa "ƙarya" a gurbin "rashin hujja" a 1933, sai maƙaryacin Taftazani ya dawo, lamarin da ya nuna cewa lissafi ba zai iya fayyace gaskiyar jimlolinsa da harshensa ba.