Tsohuwar A-kori-kura da Sabon Inji: Yadda Amurkawa Ke Haɗa Hot Rod

A jihohin Amurka masu ƙarancin ruwan sama, irin su Arizona da New Mexico da yammacin Texas, akwai masu bin gonaki suna leƙa bayan rumbuna, suna neman motar da mai ita ya daɗe da mantawa da ita. Ba motar alfarma suke nema ba. A-kori-kura suke so, irin wadda manomi ya saya a wajen 1950 ya yi ta jigilar ciyawa da taki har ta gaji aka jingine ta. Galibi akan tarar da tayoyi sun nutse a ƙasa, ɓeraye sun cinye kujera, inji ya daskare ko juyawa ba ya yi. A yi ciniki, a ɗora ta a tirela, a kai gida. Bayan wasu shekaru, in an yi sa'a an ƙarasa aikin, ita ce za ka gani a babban titi ta kwanta dab da ƙasa, salansa na ruri, tana wuce motocin da aka ƙera jiya. Irin wannan mota suke kira hot rod: tsohon jiki da aka sake wa ciki don gudu da kuma burgewa.

Abin ya samo asali ne a kudancin California a shekarun 1930. Samari marasa kuɗi sukan sayi tsohuwar Ford, su cire madgad da duk wani abu mai nauyi, su ƙara wa inji kafireta, su nufi busassun tafkunan hamadar Mojave kamar Muroc da El Mirage, inda ƙasa take a shimfiɗe babu kwana babu ɗan sanda. Kamfanin Ford ne ya ba su makami a 1932, da ya fito da inji mai silinda takwas, V8, a cikin motar da talaka zai iya saya. Ƙarfinsa na doki 65 ne kacal, amma yana karɓar gyara. A 1937 ƙungiyoyin masu tseren suka haɗu suka kafa SCTA don tsara gasa da auna gudu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sojoji suka dawo gida da ilimin walda da kanikanci da suka koya a bakin aiki, sai harkar ta bunƙasa. Robert Petersen ya fara buga mujallar Hot Rod a 1948, Wally Parks kuma ya kafa NHRA a 1951 don a ɗauke tsere daga kan tituna a mai da shi filin da aka keɓe.

A wancan lokaci ba a-kori-kura ce tauraruwa ba. Ita aikinta janyo motar tsere zuwa fili da ɗaukar kayan gyara. Sai da ƙananan Ford na 1932 suka yi tsadar da mai ƙaramin ƙarfi ba ya iya taɓa su, idanu suka koma kan motocin gona, waɗanda aka ƙera da ɗimbin yawa kuma aka yasar. Waɗanda aka fi nema su ne Chevrolet 3100 ta 1947 zuwa 1955, da Ford F-1 ta 1948 zuwa 1952, da F-100 ta 1953 zuwa 1956, sai kuma Chevrolet C10, musamman ta 1967 zuwa 1972. Ƙirarsu ba ta da murɗiya: shasi daban, kan mota daban, bodin baya daban, duk noti ne ya riƙe su. Mutum ɗaya da ƙugiyar ɗaga inji da abokai biyu zai iya warware ta a ƙarshen mako guda. Haɗa ta ne ke cin shekaru.

Wanda bai san harkar ba, da ya ji an ce hot rod, inji yake fara tambaya. Alhali a duk aikin babu abin da ya kai inji sauƙi. Tun 1955 Chevrolet ke da ƙaramin V8 ɗinsa, wanda samfurinsa mai lita 5.7 ya cika ko'ina. Yanzu kuma yayin injin LS ake yi, wanda ya fara fitowa a 1997. Mai lita 5.3 da ake cirowa daga manyan motocin da suka yi haɗari yana nan jibge a wuraren sayar da gwangwan, da araha, ƙarfinsa na kusan doki 300. Injin asali na Chevrolet 3100 ta kafin 1954 silinda shida ne, ƙarfinsa bai wuce na doki casa'in da 'yan kai ba. Ke nan da kuɗi kaɗan ka ninka ƙarfin motar sau uku. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Motar nan an yi ta ne don ta ɗauki kaya ta yi tafiyar kilomita 80 a awa a kan hanyar karkara. Duk abin da ke ƙarƙashinta an auna shi ne da wannan gudun. Birkinta na ganga ne a ƙafa huɗu, irin wanda in ya ɗauki zafi sai ka taka ka ji mota na ci gaba da tafiyarta. Kuma lissafin ba ya yi wa kowa alfarma: in ka ninka gudu sau biyu, aikin da birki zai yi ya ninka sau huɗu. Ga shi tukunyar man birkin guda ɗaya ce tana ciyar da tayoyi huɗu, da zarar tiyo ɗaya ya fashe, shi ke nan, babu birki ko kaɗan. Sai a ƙarshen shekarun 1960 dokar Amurka ta tilasta raba layin man gida biyu. Sitiyari kuwa sandar ƙarfe ce miƙaƙƙiya da ta doshi ƙirjin direba. Bel ɗin kujera babu. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne tankin mai: a cikin kan motar yake, bayan kujera, direba na jingine da fetur yana jin yana kaɗawa a kowace kwana. Ka ɗauki wannan ka saka masa doki 300 ba tare da ka taɓa sauran ba, tamkar ka ɗaura wa amalanke injin tirela ne ka hau ka zauna.

Shi ya sa wanda ya san hannunsa daga ƙasa yake farawa. A sauke bodi gaba ɗaya, a bar shasi tsirara, a wanke shi da yashi mai feshi, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa a ga ko ya murɗe. Ƙarfen shasin irin waɗannan motoci buɗe yake ta gefe ɗaya, da gangan aka yi shi don ya riƙa lanƙwasa a kan gargada. Sai a yi masa waldar faranti a rufe shi ya zama kamar akwati, don kada sabon inji ya murɗe shi. A gaba akwai gatari guda miƙaƙƙe a kan sifirin mai ganye-ganye, wanda in taya ɗaya ta faɗa rami sai ɗayar ta ji. Da yawa sukan cire shi su saka ƙafar gaba irin ta motar Ford Mustang II ta 1974 zuwa 1978, wadda kowace taya ke motsi ita kaɗai, ga birkin faifai, ga sitiyari mai laushi. Masu F-100 sun gano cewa ƙafar gaban Crown Victoria, wadda a da ita ce motar 'yan sanda da tasi ta Amurka, daga samfurin 2003, tana kwancewa ɗungurungum da noti kaɗan, faɗinta kuma ya kusa dacewa. Wasu ma ba sa wahalar da kansu: su ɗauki kan tsohuwar Chevrolet su ɗora a kan shasin a-kori-kurar Chevrolet S-10 da ta fi ta sabunta. Masu ra'ayin riƙau suna ganin wannan ha'inci ne. Ni dai ban ga laifinsa ba, muddin mai motar bai ɓoye wa mai saye ba.

A baya akan saka gatarin Ford da ake kira mai inci tara, wanda aka fara yi a 1957, saboda ya yi suna wajen jure wuya. A nan akwai wani ɗan ƙaramin abu da ke raba gwani da ɗan koyo. Kusurwar da farfela ke fita daga giya dole ta yi daidai da kusurwar da take shiga gatarin baya. In an kuskure da 'yan digiri kaɗan, mota za ta riƙa karkarwa a wani takamaiman gudu, mai ita ya yi ta canza tayoyi yana zargin mai faci, alhali ciwon na wurin da ya yi walda tun shekara biyu da suka wuce. Tanki kuma a fitar da shi daga bayan kujera a mai da shi ƙarƙashin bodin baya. Wayoyin wuta a zubar da su duka, domin rigarsu ta zare ce ta riga ta ruɓe, kuma motocin kafin tsakiyar shekarun 1950 batirinsu bolt 6 ne, ba 12 ba.

Sannan a zo kan tsatsa, wadda ita ce ta sa ake tafiya har Arizona neman mota. A jihohin arewa ana barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, shi kuwa gishiri ba ya barin ƙarfe. Ko motar hamada ma ba ta tsira: kusurwoyin bayan kan mota, da ƙasan ƙofofi, da wurin taka ƙafa, nan laka ke taruwa ta riƙe danshi. Mai saye yakan tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu, ya riƙa manna shi a jikin motar. Inda ya ƙi kamawa, an cika wurin da fila an shafe da fenti. Gyaran gaskiya shi ne a yanke ruɓaɓɓen a yi wa wurin facin sabon ƙarfe. Waldar kuwa ba a janta a layi ɗaya. Ƙarfen siriri ne, zafi na tanƙware shi. Sai dai a ɗiga nan, a tsallaka can a ɗiga, a jira ya huce har ka iya ɗora tafin hannu, a dawo a ɗiga tsakani, haka har ɗigon ya haɗe ya zama layi. Facin da bai fi tafin hannu ba yana iya cinye yamma guda.

Kwalliyar da ta fi nuna ƙwarewa ita ce rage tsawon rufi. Ana yanke ginshiƙan kan motar a cire inci biyu zuwa huɗu, a sauko da rufin, sai motar ta yi kamar ta haɗe gira. A baki abu ne mai sauƙi. Kafin a sa zarto dole a ƙarfafa cikin da bututun ƙarfe ta kowace fuska, in ba haka ba da an cire rufi sai jikin ya baje, ƙofofi su daina rufuwa har abada. Kuma ginshiƙan a karkace suke, saboda haka in rufi ya sauko ba zai ƙara zama a kansu daidai ba; sai an tsaga shi an ƙara masa ƙarfe a tsakiya. Bayan nan ga ƙofofi, ga gilashi. Chevrolet ta kafin 1954 gilashin gabanta falle biyu ne shimfiɗaɗɗu, mai yankan gilashi zai rage su ba wahala. F-100 ta 1956 kuwa nata ya lanƙwaso har gefe, yanka shi caca ce, kuma mutane da yawa sun fasa fiye da ɗaya kafin su dace. Gwanaye sukan ce a fara yanka gilashin, sannan a gina ƙarfe ya bi shi.

Saukar da motar ƙasa ma yana da nasa farashi. In ta sauka sosai gatarin baya zai riƙa dukan shasi, sai an yanke masa gurbi an ƙarfafa wurin. Masu jakar iska a madadin sifirin suna danna maɓalli mota ta kwanta a ƙasa in an yi fakin, ta tashi in za a tafi. Sai dai a lokacin ta daina zama motar kaya.

Batun fenti ya raba masu harkar gida biyu. Akwai masu ƙyalli, da zanen harshen wuta a bonet, da siraran layukan hannu irin waɗanda Von Dutch ya shahara da su a shekarun 1950. Akwai kuma masu barin jikin yadda rana ta gasa shi shekara sittin, da sunan tsohon shagon da ya mallake ta yana dishi-dishi a ƙofa, ciki kuwa komai sabo. Wannan na biyun yana da kyau in na gaske ne. Abin da ba na iya haɗiyewa shi ne wanda zai yi sabon fenti ya bi shi da sanfefa don ya ƙirƙiro tsufan ƙarya.

Mai karatu a Kano ko Kaduna ba zai ga cire inji a saka wani a matsayin abin mamaki ba. Kanikawan Ƙofar Ruwa da Panteka sun daɗe suna raya tsofaffin fijo 404 da 504 da kayan da ba nasu ba. Bambancin shi ne mu don neman abinci ake yi, su kuwa don sha'awa, kuma da wuya mutum ya mai da abin da ya kashe in ya tashi sayarwa. Wannan ne ya sa tallan motocin da aka fara aka kasa ƙarasawa ya yi yawa a can: shasi a gefe, bodi a gefe, notuna a gwangwanaye babu wanda ya rubuta na ina ne. Wani kuma sai ya gama tsaf ya tarar takardun motar ba su yi daidai da lambar da ke jikin shasi ba, kowace jiha kuma da dokarta. California, alal misali, ta yafe wa motocin fetur na 1975 zuwa baya gwajin hayaƙi, abin da ya ƙara wa tsofaffin daraja a can.

Masu dogon hannu a sana'ar sau biyu suke haɗa mota. Da farko su haɗa ta ba fenti, su tuƙa ta 'yan watanni a hakan, su ji inda take gogawa, da inda mai ke ɗiga, da ko lagireto na iya sanyaya inji a cunkoson rana. Duk wani huji da walda da za a yi, a yi shi yanzu. Sai sun gamsu sannan su sake warware ta har noti na ƙarshe, a yi fenti, a shimfiɗa katakon bodin baya, a mayar da komai a hankali da tsumma a hannu don kada sifana ta karce ƙofa.