Ina Ya Kamata a Tsaya Don Duban Wata?

Ran 29 ga Sha'aban, idan rana ta faɗi, jama'a sukan ɗaga kai yamma suna neman jinjirin wata. Amma ba kowane wuri ne ke nuna shi ba. Shi ya sa ƙasar Maleziya ta keɓe wurare 29 na hukuma domin wannan aiki, masana kuma suna auna su ɗaya bayan ɗaya.

Dalili shi ne ƙarancin lokaci. A shekarar 2021, Maleziya da Indunusiya da Burunai da Singafo suka amince cewa ba za a karɓi tsayuwar wata ba sai ya kai digiri 3 bisa gefen sama, tazararsa da rana kuma digiri 6,4. Digiri 3 bai fi faɗin yatsu biyu ba idan mutum ya miƙa hannunsa. Watan da ke nan, cikin minti 12 ko kusa da haka zai bi rana ya ɓace. To, itace guda ko bene guda ya isa ya hana mutum ganinsa.

Saboda haka abin da ake fara dubawa shi ne yamma. Mafaɗar rana tana gusawa arewa da kudu cikin shekara, wata ma ya fi ta gusawa; dole fili ya kasance a buɗe wajen digiri 30 ta kowane gefe. Wannan ne ya sa aka gina ɗakin duban wata na Teluk Kemang a bakin tekun Malaka, inda ido ba ya cin karo da komai. Duk da haka, gajimare da fitilun gari da hayaƙin gobarar daji daga Sumatara, kamar na 2015, sukan ɓata aikin. Madubin hangen nesa, komai tsadarsa, ba ya huda hayaƙi.

Waɗannan wurare makarantu ne kuma. A cibiyar Al-Khawarizmi ta jihar Malaka, ɗalibai suna koyon ilimin falaki, watau lissafin wata da alƙibla da lokutan salla.

A Nijar ba mu da teku, amma fili ba ya yi mana wuya. Abokin gabarmu hazo ne. Tun da shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana 11, azumi yana zagaya hunturu da bazara da damina. Tudun da ya nuna wata sarai bayan ruwan sama, yana iya rufewa ƙirin cikin ƙurar Janairu. Kafin a aza tubali, sai an gwada wurin shekara guda cur.