Filinge da ƙasar Kurfai: jama'a na ƙaruwa, ƙauyuka na jiran hanya

Garin Filinge, cibiyar ƙasar Kurfai a jahar Tillaberi, yana bakin kwarin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Hanya mai lamba 25 ce ke haɗa shi da babban birni, ta ratsa Balayara da Bonkuku, kuma a kanta ne hatsi da wake da bisashen yankin ke sauka kudu, kayan kanti su hau arewa.

Ƙidayar shekarar 2012 ta nuna cewa kwamin ɗin Filinge na da mutane sama da dubu 90, amma waɗanda ke cikin garin kansa ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Gundumar kuwa, bayan da aka cire mata Abala da Balayara a shekarar 2011, ta tashi da mutane sama da dubu 300. Ƙidayar ta kuma tabbatar da cewa al'ummar Nijar na ƙaruwa da kashi 3,9 cikin ɗari a shekara, wato tana ninkuwa cikin ƙasa da shekaru 20. Ke nan yawancin Kurfayawa da maƙwabtansu Zabarmawa da Buzaye da Fulani suna zaune ne a ƙauyuka da tungaye, inda kwalta ba ta kai ba.

A can, hanya ita ce rairayin Dallol da sawun amalanke. Da rani mota na kafewa cikin yashi. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ƙoramu na yanke turba. Ɗan kasuwa ya san ƙarshen lissafin: duk abin da ya ƙaru a kuɗin mota, daga farashin buhun manomi ake cire shi, a kuma ɗora shi kan sukari da sabulun da ake kai masa. Ma'aikaci ma ya sani: malamin lakwal na sadaukar da yini guda don zuwa karɓar albashi, mace mai doguwar naƙuda kuma sai ta yi awoyi bisa amalanke kafin ta isa asibitin Filinge.

Alhali kuwa yankin ba matalauci ba ne. Ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashin kwarin, abin da ke ba da damar noman rani. Tashar kiwo ta Tukunus, arewa da Filinge, ta yi suna wajen inganta shanun Azawak masu madara. Kasuwar Lahadi ta Balayara na cikin manyan kasuwannin dabbobi na yammacin ƙasa. Sai dai madara da tumatir ba sa jiran mota.

Rashin tsaro ya ƙara dagula al'amarin. An kafa dokar ta-ɓaci a Abala a shekarar 2017, sannan a Janairun 2020 aka hana zirga-zirgar babura a jahar Tillaberi, a daidai lokacin da babur ya zama motar haya da motar asibitin mutanen ƙauye.

Ƙasar Indiya ta fuskanci irin wannan matsala. A Disamban 2000 ta ƙaddamar da shirin hanyoyin karkara bisa ƙa'ida guda: duk ƙauyen da ya kai mutum 500, ko 250 a yankunan duwatsu da hamada, a haɗa shi da hanyar da ke biyuwa rani da damina. Bisa ƙa'idar, alƙaluman ƙidaya ne za su zaɓi ƙauyukan, ba kusancinsu da manya ba.

Kwamin-kwamin na Kurfai ba su da aljihun Indiya, amma suna da jerin ƙauyukansu da yawan mutanen kowane. Da wannan jeri za a iya tsara waɗanda za a fara zuba wa jar ƙasa da gina wa ƙananan gadoji, a kuma ware kuɗin gyara bayan kowace damina, domin hanyar da ba a gyarawa, ruwan shekara biyu ya isa ya mai da ita ƙorama.