Magana Ba Ta Cika Sai An Mayar Da Ita: Harshen Matuƙa Jirage da Masu Kula da Sararin Sama

Gabatarwa

Wanda ya saba kwana a tsakar gida a Matameye lokacin bazara ya san ƴan fitilun nan da ke ratsa sama cikin dare. Jirage ne masu dogon zango, kuma a daidai wannan yanki suke sauya hannu: sararin samanmu yana ƙarƙashin cibiyar Yamai ta hukumar ASECNA, inda ake aiki da Faransanci da Ingilishi, da an ɗan nausa kudu wajen Daura kuwa sai a shiga hannun cibiyar Kano, inda Ingilishi kaɗai ake yi. Matuƙi ba ya ganin mai ba shi umarni, sau da yawa ba ya ganin jirgin da ke fuskantarsa. Abin da ke raba jirage biyu a sama ƴan jimloli ne da ake furtawa ta rediyo. Wannan maƙala za ta duba hanyoyi huɗu da saƙo ke lalacewa a tsakaninsu, da maganin da aka yi wa kowace.

Saƙon da bai isa ba

Ranar 13 ga Satumba 1997, wani jirgin sojan Jamus ƙirar Tupolev 154 ya sha mai a Yamai, ya tashi zuwa Windhoek ta ƙasar Namibiya. Tsarin tafiyarsa ya nuna zai hau zuwa ƙafa 39,000, amma ya zauna a 35,000, tsayin da aka ware wa masu zuwa daga ɗaya ɓangaren. Labarin zuwansa bai kai ga masu kula da jirage na Windhoek ba, cibiyar Luwanda ma ba ta miƙa shi gare su ba. A wannan tsayin ne jirgin sojan Amurka ƙirar C-141 ya taso daga Windhoek. Suka yi karo a kan teku, mutum 33 suka rasu. A nan babu kalmar da aka ji ba daidai ba, hanyar saƙon ce ta yanke. Saboda irin wannan giɓi, a sassa da yawa na sararin Afirka matuƙa kan yi shelar inda suke da tsayinsu cikin Ingilishi a kan zango 126.9, don kowa ya ji da kunnensa.

Saƙon da ya isa, ba a fahimce shi ba

Ranar 12 ga Nuwamba 1996, kusa da Charkhi Dadri a Indiya, jirgin Saudiyya ƙirar Boeing 747 da ya taso daga Delhi ya yi karo da jirgin Kazakistan ƙirar Ilyushin 76. Mutum 349 suka hallaka. An umarci na Kazakistan ya tsaya a ƙafa 15,000, aka kuma sanar da shi cewa akwai wani a 14,000. Sai ya ci gaba da gangarowa. Binciken da aka yi ya danganta haka da ƙarancin Ingilishin matuƙan. Wani ma'aikacin rediyo ne ke magana a madadinsu, ga shi kuma sun fi sabawa da awon mita a ƙasarsu.

A ido na ɗalibin harshe, jimla biyu ce aka kasa rarrabewa: ta umarni da ta bayani, kowace ɗauke da lamba. Mu ma mun san yadda lamba ke ruɗa mutum idan ba a faɗi ma'auninta ba. Mai rake a kasuwar Matameye idan ya ce "ɗari biyu", dala yake nufi, wato jika guda ta sefa, baƙon da bai san lissafin dala ba kuwa sai ya ƙirga tamma ɗari biyu. A kasuwa gardama za a yi a shirya, a sama kuwa daƙiƙoƙi ne kawai.

Saƙo mai harshen damo

Hatsarin da ya fi kowane cin rai a tarihin jirage a ƙasa ya faru, a tsibirin Tenerife, ranar 27 ga Maris 1977, inda jiragen KLM da Pan Am suka yi karo cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Mataimakin matuƙin KLM ya ce "We are now at takeoff". Yana nufin sun fara gudun tashi, mai hasumiya kuma ya ɗauka suna tsaye ne a wurin tashi suna jira. Wasu masana na ganin ginin jimlar Holanci ne ya kutso cikin Ingilishinsa. Mai hasumiya ya amsa da "OK", sauran maganarsa ta cewa su dakata kuwa ta haɗu da ta jirgin Pan Am, sai ƙara kawai aka ji.

Wannan "OK" ɗin ƴar'uwar "to" ɗinmu ce. "To" na iya nufin na ji, ko na yarda, ko je ka yi, ko ma ban so ba amma na ƙyale. Murya da fuska ke bambanta su, rediyo kuwa ba ya nuna fuska. Haka nan amsar tambayar korewa: idan aka ce wa Bahaushe "Ba ka tashi ba?" ya ce "E", yana nufin bai tashi ba, Bature kuwa "no" zai ce a wannan gurbi. Don haka harshen jirage ya ba kowace kalma aiki guda. "Roger" na nufin na ji duka, ba ta zama izini ko amsar tambaya. "Wilco" na nufin zan aikata. Bayan Tenerife, kalmar "takeoff" ba a furta ta sai wajen ba da izinin tashi ko soke shi.

Saƙon da na gefe bai ji ba

Ranar 10 ga Satumba 1976, a saman Zagreb, mai kula da jirage ya ga hatsari na tafe, ya ruɗe, ya koma harshensa na gida yana yi wa matuƙin jirgin Inex-Adria magana. Matuƙan British Airways da ke kan zango guda ba su da hanyar gane cewa maganar ta shafe su. Mutum 176 suka rasu. Sauya harshe lokacin firgita abu ne da kowane mai harshe biyu ya sani a jikinsa. Darasin ya shafe mu kai tsaye, domin a sararin da ake Faransanci da wani jirgi, Ingilishi da wani, wanda ba ya jin Faransanci ya rasa rabin abin da ke gudana kewaye da shi.

Maganin da aka yi

Na farko shi ne sauti. Haruffan Alfa, Bravo, Charlie da hukumar ICAO ta tsayar a 1956 sun samo tushe daga aikin Jean-Paul Vinay, malamin kimiyyar harshe a Jami'ar Montreal. Ana rubuta Alfa da "f" don wanda bai san ana furta "ph" kamar "f" ba, Juliett kuma da "t" biyu don mai Faransanci ya furta ta daidai. Uku ta zama "tree", biyar "fife", tara "niner". Bahaushe, wanda "p" da "f" ba sa bambanta ma'ana a harshensa, yana da nasa aikin a kan "Papa".

Na biyu shi ne mayar da umarni. Dole matuƙi ya maimaita tsayi da alkibla da izinin da aka ba shi, mai hasumiya ya saurara ya gyara. Kamar ciniki ne, wanda ba ya faɗawa sai mai kaya ya ce "na sallama".

Na uku shi ne gwajin harshe. Bayan Charkhi Dadri, ICAO ta kafa matakai shida na ƙwarewa, daga Maris 2008 kuma aka wajabta mataki na huɗu ga masu aikin jiragen ƙasa da ƙasa. Ana auna furuci, ginin jimla, kalmomi, sakin baki, fahimta da iya musayar magana.

Na huɗu na'ura ce, TCAS, wadda ke ce wa jirgi ɗaya hau, ɗaya sauka. A Überlingen ta Jamus, ranar 1 ga Yuli 2002, na'ura ta ce hau, mai hasumiya ya ce sauka, matuƙi ya bi mutum, rayuka 71 suka salwanta. Yanzu doka ta ce na'urar ake bi.

Kammalawa

A Yamai akwai makarantar EAMAC, wadda ke horar da masu kula da jirage na ƙasashen ASECNA. Ɗalibanta na shiga aji da Hausa ko Zabarmanci ko Wolof a bakinsu, Faransanci a bisa, Ingilishi a bisa wannan. Yadda harshen uwa ke tasiri a furucinsu da amsoshinsu, musamman lokacin matsi, fage ne da ya cancanci kundin bincike daga sashenmu. Mai neman batu na iya farawa da "to" da "e".