Kiwo Ko Ƙwallo: Me Ya Sa Manyan Ƙungiyoyin Turai Suka Koma Sayen Yara?

Ranar 31 ga Mayun 2025, a birnin Munich, PSG ta lallasa Inter Milan da ci biyar da nema ta ɗauki Kofin Zakarun Turai karo na farko a tarihinta. Désiré Doué, wanda ya zura biyu daga ciki, shekarunsa 19. Senny Mayulu da ya rufe da ta biyar shi ma 19. Ƙungiyar da ta taɓa haɗa Messi da Neymar da Mbappé kofin ya gagare ta, sai bayan duk sun watse ta same shi. Tun daren nan, a gidajen kallo, duk mai cewa zamanin sayen gogaggu ya wuce da wannan wasan yake kafa hujja.

Amma juyin ba daga fili ya faro ba, daga ofishin akanta ya fito. Ɗan wasa mai shekara 30 da aka saya da tsada, ranar da ya sa hannu darajarsa ta fara zubewa, ga albashi mai nauyi, ga rauni da ke daɗewa bai warke ba. Yaro ɗan 19 kuwa kamar ɗan maraƙin da aka ɗaure a turke ne: a ciyar da shi shekara biyu, a kai kasuwa. Brighton ta gwanance a wannan kiwo. Ta ɗauko Moisés Caicedo daga Ekwado a 2021 kan kuɗin da bai kai fam miliyan 5 ba, ta sayar wa Chelsea a 2023 kan cinikin da zai iya kaiwa fam miliyan 115.

Dokokin kashe kuɗi suka ƙara rura wutar. Gasar Firimiya ta iyakance asarar ƙungiya a fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma an ga yadda aka zaftare wa Everton da Nottingham Forest maki a kakar 2023/24. A littafin lissafi, kuɗin sayen ɗan wasa ana raba shi ne bisa shekarun kwantiraginsa: fam miliyan 80 a shekara takwas ya zama miliyan 10 kacal a kowace shekara. To, wa zai ba ɗan shekara 31 kwantiragin shekara takwas? Sai yaro. Da wannan dabara Chelsea ta Todd Boehly ta kashe sama da fam biliyan ɗaya, akasari kan matasa, har sai da UEFA ta taƙaita rabon zuwa shekara biyar a 2023.

Me aka girba? Chelsea ta ƙare ta 12 a kakar 2022/23, ta shida a ta gaba, sannan ta huɗu, kuma a Yulin 2025 ta doke PSG ɗin nan uku ba ko ɗaya ta ɗauki Kofin Duniya na ƙungiyoyi. Ba za a ce tsarin ya gaza ba. Sai dai ya ci shekaru, ya ci masu horarwa, kuma ba kowa ke da aljihun jure wannan jira ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ba a ambaton sunansu. Idan ƙungiya ta sayi goma da fatan biyu su yi kyau, ina sauran takwas? Wasu suna ɗumama benci, wasu ana yawo da su aro daga wannan gari zuwa wancan, a daidai shekarun da ya kamata ƙafarsu ta saba da fili. Har 'yan gida abin bai bari ba. Tunda kuɗin yaron da ƙungiya ta raina duk riba ce a lissafi, shi ake fara sallama: daga Chelsea, Mason Mount ya tafi Manchester United a 2023, Conor Gallagher ya tafi Atlético Madrid a 2024.

Masu kafa hujja da PSG suna mantawa da wanda ya ɗaga kofin: Marquinhos, ɗan shekara 31, wanda ya sha ɗacin fitarwa shekara da shekaru a ƙungiyar. Real Madrid ta sayi Vinícius yana ɗan 16, amma a gaban Modrić da Kroos da Benzema ya girma. Kuma a 2024, lokacin da Bayern Munich ta kusa fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe, Joselu ne, ɗan shekara 34 da aka ɗauko aro, ya taso daga benci ya zura biyu cikin 'yan mintuna. Abin da babba ya hango a minti na 85, lokacin da ƙafa ta yi nauyi zuciya ke bugawa, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ita kanta Chelsea, Thiago Silva da ta samu kyauta yana da shekara 35 ne ya riƙe mata baya a kakar da ta ci Kofin Zakarun Turai na 2021.

Mu ma mun san fuskokin nan biyu a jikin mutum ɗaya. Ahmed Musa yana ɗan 17 ya fi kowa zura ƙwallo a gasar Najeriya da rigar Kano Pillars, Turai ta ɗauke shi a 2010, ya dawo a 2021 da kuma 2024 a matsayin babban yaya. Yaron da ke atisaye kusa da shi yana koyon abin da koci ba zai iya faɗa da baki ba.

Kuskuren da ake yi da gogaggu shi ne sayen suna a kan kuɗin da ba zai dawo ba, kamar yadda Manchester United ta yi da Alexis Sánchez a 2018. Kuskuren da ake yi da yara shi ne tara su don kasuwa, ba don fili ba. Ƙungiyar da ke son kofi ta zuba yawancin kuɗinta a kan matasan da za ta saka wasa da gaske, ta kuma riƙe manya biyu ko uku, a baya da tsakiya, kan gajeren kwantiragi. Yaron da koci ba shi da gurbin da zai ba shi, a bar shi inda yake ya ci gaba da buga ƙwallonsa.